Wata shida ina biyan shafin binciken zuri'a saboda surukata

Surukata ce ta ɗora min wannan aiki, kuma ba a ce wa suruka a'a. Ni Bakano ne mazaunin Chicago, maman yarana kuma baƙar fatar Amurka ce. Danginsu kan yi taron zumunci duk bayan shekara biyu a lokacin zafi, a buga riguna iri ɗaya, a gasa nama, a karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A wannan karon tsohuwa ta ce tana so a liƙa babbar takarda a bango mai ɗauke da zuri'ar kakannin mahaifinta kaf, daga su har kan jikokinta, wato 'ya'yana. Ta ce tunda ta sha jin ina lissafo kakannina da ka, ni ne zan iya. Na ce to Mama. Na sa katina na yi rajista da ɗaya daga cikin manyan shafukan nan na binciken asali. Kun san tallansu, kun kuma san abin da suke karɓa.

Abin da dangi suka riƙe bai taka kara ya karya ba. Miji da mata, an haife su cikin bauta a jihar Mississippi, bayan 'yanci suka ci gaba da noman auduga a gonar wani ana raba amfani, suka haifi 'ya'ya biyar. Uku suka hau jirgin ƙasan Illinois Central zuwa Chicago, cikin baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 da suka baro kudu tsakanin 1910 da 1970. Biyu suka zauna can har mutuwa. Duk wanda ka tambaya, biyar zai ce maka.

A dare na uku, bayan yara sun yi barci, na buɗe hoton takardar ƙidayar jama'a ta 1900. Ita wannan ƙidaya tana da gurbi biyu da ake cike wa kowace uwa: 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ne kuma suke raye. A layin matar nan, kakar mahaifin surukata, da rubutun hannun mai ƙidaya, an sa 9 a gurbin farko, 6 a na biyu. Na ƙara girman hoton har ya fara dishi-dishi. Shida ne, ba biyar ba. Na koma ƙidayar 1880, wadda ita ce ta fara rubuta dangantakar kowa da maigida, sai ga yaro ɗan shekara biyu an rubuta "ɗa" a gaban sunansa, suna ne kuma da babu wanda ya taɓa ambata a gidan surukata. A 1900 ba ya cikin gidan, ya girma ya fita. Ƙidayar da za ta nuna shi yana ɗan shekara goma sha biyu, ta 1890, ita ce gobara ta lalata a Washington a 1921, saboda haka shekara ashirin cur babu abin dubawa.

Kwana huɗu ina neman wannan yaro. Inda na same shi shi ne katin rajistar shiga soja na watan Satumban 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da aka ce duk namiji daga shekara 18 zuwa 45 ya je ya ba da sunansa. Yana birnin St. Louis, ɗan shekara arba'in, lebura. Bai iya rubutu ba, gicciye ya yi a wajen sa hannu. Amma a layin da ake tambayar ɗan'uwa mafi kusa, sunan mahaifiyarsa ya bayar, da sunan ƙauyen da take karɓar wasiƙa a Mississippi. Suna ɗaya, ƙauye ɗaya da wanda surukata ta taso tana ji. Wallahi sai da na tashi na zagaya falo. Mutum ya bar gida shekara da shekaru, ƙannensa sun haifi 'ya'yan da ba su san da shi ba, amma da gwamnati ta ce wa za a sanar idan wani abu ya same ka, uwarsa ya ambata.

Daga nan hanya ta buɗe. Ya yi aure bayan yaƙi, ga shi da 'ya'ya uku a ƙidayar 1930, ga su a 1940, a ta 1950 kuma har an fara jikoki. Nan takardun gwamnati suke tsayawa, domin doka ta ce sai ƙidaya ta shekara 72 kafin a sake ta, ita ta 1950 ɗin ma sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe. Sanarwar rasuwa da ake bugawa a jarida, wadda ke lissafa waɗanda mamaci ya bari, ita ta kai ni ga wata jikarsa da ke raye, sa'ar surukata. Kakanninsu wa da ƙane ne. Ranar da suka yi waya ina zaune a wajen. Matar ta ce kakanta yakan ce yana da ƙanne a wani wuri, bai san inda ƙasa ta kai su ba. Tsakanin Chicago da St. Louis tafiyar awa biyar ce a mota. Surukata ta rufe fuska da hannu ta daɗe ba ta ce komai ba. A wannan rana da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba shafin nan ba tare da wani tunani ba.

To amma ku tsaya, don da na zauna rubuta wannan sai abubuwa suka riƙa dawo min.

Shi wannan yaro ba shafin ne ya nemo min shi ba. Injin bincikensu ya kasa, saboda wanda ya kwafe sunan iyalin daga rubutun hannu ya karanta shi ta fuska uku daban-daban a ƙidaya uku. Ni ne na riƙa bin shafukan ƙidayar gundumarsu ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Abin da shafin ya kawo min da kansa, yana ta turo saƙo wai ya gano mahaifin tsohon nan da aka haifa cikin bauta, wani Bature ne mai irin sunan iyalin, haifaffen Virginia, da salsalarsa jere har Ingila. Mutane da dama sun riga sun kwafe wannan cikin nasu jadawalin, su kuma suna ɗaukar yawan masu kwafa a matsayin hujja. Babu takarda ko ɗaya da ta haɗa mutanen biyu. Wani ɗan'uwan matata da na ba shi damar leƙa aikin ya gani, kafin gari ya waye ya watsa wa dangi cewa an gano asalinsu a Ingila. Sati biyu ina ba mutane haƙuri ina warware magana, wasu har yau suna ganin ni na ɓoye musu.

Abin da tallan ba ya faɗa shi ne, ga iyali irin wannan akwai bango a 1870. Ita ce ƙidayar farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A 1850 da 1860 an ƙirga bayi a takarda daban, ƙarƙashin sunan ubangijinsu, shekaru da jinsi da launin fata kawai. Mutum kusan miliyan 4 a 1860, babu suna. Na sami wani mai gona a gundumar mai irin sunan iyalin, a ƙarƙashinsa akwai layin da ya ce namiji, shekara 7, baƙi. Zai iya zama kakan kakan matata, zai iya zama yaron wasu. Na daɗe ina kallon layin nan. Ƙasarmu ma ta san bauta, duk Bakano ya san ma'anar gandu da rinji, amma ganin yaro a jere kamar lissafin garke, da sanin cewa jininsa wataƙila yana barci a ɗakin da ke kusa da ni, abu ne da ban shirya masa ba. Kamfanin da ke karɓar kuɗin jikokin waɗannan mutane ya kamata ya faɗa musu wannan tun a ƙofa, maimakon ya jefa musu Bature don jadawali ya yi tsawo.

Na gwada rajistar bankin 'yantattun bayi, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874 kuma yana da rassa a Vicksburg da Natchez da Columbus. Littattafansa taska ne, don mai ajiya kan faɗi sunan uwa da uba da 'yan'uwa, wani lokaci har gonar da aka bautar da shi. Mutanenmu ba su ciki. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Laifinsu shi ne maganar kuɗi. Jaridun da suka kai ni ga matar St. Louis ba sa cikin abin da na biya, sai da na ƙara. Da wa'adi ya cika suka zari kuɗin wani wa'adin daga katina, saƙon gargaɗin kuma yana can cikin tarin tallansu. Na kira, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, ƙarshe rabi suka mayar. Da na soke, sunayen da na tara suna nan, amma hotunan takardun da na wahala na nemo duk an kulle, har katin nan mai gicciye. Allah Ya sa na riga na sauke shi. Sai daga baya na gane cewa ƙidayoyin nan da takardun hukumar 'yantattun bayi suna shafin binciken asali na FamilySearch kyauta, ta 1950 tana shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa kyauta, ɗakin karatun unguwarmu kuma yana da kwamfutocin da ake irin wannan bincike ba a biyan ko sisi. Wanda zai biya ya biya wata ɗaya, ya sauke duk abin da ya samu a ranar da ya same shi, kada kuma ya karɓi shawarar da bai ga hoton takardarta da idonsa ba. Tauraro uku, shi ma don katin 1918 ne.

An liƙa takardar a wajen taro da reshe shida, mutanen St. Louis suka zo mota biyu. Kafin a kai ta wajen bugawa na nuna wa surukata, na ce Mama, saura ukun nan da suka rasu. Ba su riski kowace ƙidaya da muke da ita ba, Mississippi kuma ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ba sai 1912, don haka ban sami sunan ko ɗaya ba. Ta ce uwarsu ta ƙirga su da mai ƙidaya ya zo, in zana musu gurbi uku a layi ɗaya da 'yan'uwansu, in bar su ba rubutu. Haka aka buga.