Akwatin Malam: Adabraka ko Legon?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan magabata. Kin ce da ake gyaran gidanku na Sabon Zango a Akra an fito da akwatin ƙarfe na kakanku, wanda malami ne kuma yana taɓa fataucin goro, cike da warƙoƙin Larabci da ajami da wasu takardun boko masu hatimin gwamnati. Kina tambaya ina za ki je ki ƙaro labarinsa, kuma ina ya fi dacewa a kai takardun: ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wato PRAAD, da ke Castle Road wajen Adabraka, ko kuwa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon. Na ga wasu sun ce miki duk ɗaya ne, ki je wanda ya fi kusa. Ni ban yarda ba. A Adabraka abin da hukuma ta rubuta a kan mutanenmu za ki tarar, a Legon kuwa abin da mutanenmu suka rubuta da alƙalaminsu. Wanda za ki fara da shi ya danganta da irin rayuwar da Malam ya yi.

Bari in fara da na gwamnati. Tun 1946 aka soma tattara tsofaffin fayilolin mulkin mallaka wuri guda, dokar 1997 kuma ita ce ta ba wurin sunan da yake amsawa yanzu. An kasa takardun ne bisa ofishin da suka fito. Masu lambar ADM 11 na ofishin da ke kula da harkokin sarakuna da 'yan ƙasa ne, CSO na babban sakataren mulkin mallaka, SCT na kotu, ADM 56 kuma na yankin Arewa. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, mutum ba ya shiga fayil ɗin Bature haka kawai. Sai in ya riƙe sarauta, ko ya ci albashin gwamnati kamar soja da ɗan sanda, ko ya kai ƙara, ko an kai shi. Malamin da ya ƙare rayuwarsa a zaure yana biya wa yara allo, bai yi rigimar fili da kowa ba, za ki iya wata guda kina juya takardu ba ki ga ko inuwarsa ba.

Sai dai Zangon Akra bai taɓa rasa rigima ba, kuma wannan ne sa'arki. Bayan rasuwar Malam Naino, jagoran Musulmin Akra na wancan lokaci, an daɗe ana ja-in-ja tsakanin Hausawa da Yarbawa da Fulani a kan wane ne shugaban Musulmi, wa kuma zai ja sallar Juma'a. A cikin wannan yanayi ne ɗansa Malam Bako ya tashi da jama'arsa ya kafa unguwarku a wajajen 1910. Kowane ɓangare takardar koke yake aika wa gwamnati, kuma irin takardun nan suna da daɗin dubawa. Saman takarda Turanci ne mai ƙamshi, na akawun da aka biya ya rubuta, cike da kirari ga Gwamna. Ƙasa kuma sai jerin sunaye: wannan ya sa hannu da Larabci, harafi a tsaye gwanin kyau, na kusa da shi ya dangwala yatsa, wani kuma akawu ne ya rubuta masa suna aka sa alama a gefe. Idan kakanku mutum ne da ake kira in za a yi shawara a unguwa, a irin wannan jerin za ki gan shi, kuma za ki ga da wa ya tsaya. Wani lokaci abin da takarda ta nuna ba shi ake faɗa a gida ba, ki shirya wa hakan.

Shiga ba wuya. Za ki yanki katin mai bincike, a ba ki kundin jerin fayiloli, ki rubuta lambar wanda kike so a 'yar takarda, ma'aikaci ya shiga ciki ya ɗauko. Ƙa'ida ita ce fayil ɗin gwamnati sai ya shekara 30 kafin a buɗe wa jama'a, to zamanin kakanku ya daɗe da wuce wannan, har da korar baƙi ta 1969 a mulkin Busia, wadda ta raba gidaje da yawa na Zango. Inda mutane ke ɓata lokaci shi ne wajen suna. Akawun wancan zamani yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Ibrahim ya koma Braimah ko Brimah, Muhammadu ya koma Mama ko Mahama, Abubakar ya koma Bukari. Ki tafi da duk sunayen da aka san Malam da su, har laƙabin kasuwa da sunan garin da ake jingina shi da shi. Fayilolin kansu a ƙarƙashin "Mohammedan" ko "Hausa" aka fi jera su, kuma Bature duk Musulmin da ya gangaro daga arewa Bahaushe yake ce masa, ko da Bawangare ne ko Bazabarme. Komai a wurin da Turanci yake, in karatun tsohon rubutun hannu na Turanci yana ba ki wahala, ki tafi da yaro mai haƙuri.

Legon kuma wani gida ne daban. An kafa cibiyar a 1961, Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a watan Oktoban 1963, Thomas Hodgkin ne daraktanta na farko. A shekarun nan ne shi da masanin tarihi Ivor Wilks suka ɗauki aikin tattara rubuce-rubucen malaman ƙasar nan. Amma wanda ya taka ƙasa ya shiga zaure-zaure shi ne Alhaji Usman Boyo, mutumin Kintampo, don ba malamin da zai kwance gafakarsa ya miƙa wa baƙon Bature. Yadda suka yi aikin shi ne abin da nake so ki lura da shi: aro suke yi, su kai Legon a ɗauki hoto, a mayar wa mai abu da abinsa. Da haka aka tara rubutu wajen 500, kowanne da lambarsa ta IASAR, mafi yawa da Larabci, wasu da ajamin Hausa. Akwai kwafinsu a Jami'ar Northwestern ta Amurka.

A cikinsu akwai Kitab Ghanja, tarihin Gonja da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 18. Akwai waƙoƙin Alhaji Umaru Karaci, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci da wadata, kuma almajiransa sun bazu a Zangunan ƙasar nan. Tsohon garin Kete Krachi da ya koyar a cikinsa yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun da aka datse kogin a Akosombo. Ga mai akwati irin naku, amfanin Legon a bayyane yake. Da wuya a ce malamin Zango na wancan zamani ba shi da ko waƙa ɗaya ta Alhaji Umaru da ya kwafa. In aka ɗora warƙarku kusa da tasu, za a gane mene ne, ko cikakke ne, ko naku ya fi nasu tsufa. Akwai kuma ijazoji, masu jera sunan malami da malaminsa da malamin malaminsa. Mutumin da bai taɓa shiga fayil ɗin gwamnati ba yana iya fitowa a irin wannan silsila, a matsayin wanda aka karanta tafsiri a gabansa. A cibiyar kuma akwai ma'ajiyar sauti mai sunan Farfesa Nketia, in akwatin ya zo da kaset ko tsohon faifai.

Rauninsa shi ne ba shi da faɗin na Adabraka. Ba za ki sami shari'ar fili ko takardar fansho a can ba, kuma yawancin abin da za a nuna miki hoto ne, ba ainihin takarda ba.

To, wajen neman labari, tunda Malam malami ne, ni da Legon zan fara, in riƙe sunaye da shekarun da na samo, sannan in gangara Adabraka da su. Da soja ne ko mai unguwa, da na ce ki juya. In ya yi zaman Kumasi a harkar goro, kamar yadda yawancinsu suka yi, akwai reshen PRAAD a can mai fayiloli masu lambar ARG, ga kuma ma'ajiyar Manhyia mai ɗauke da shari'o'in kotunan Asantehene, sarkin Asante, wadda cibiyar Legon ɗin ce ma ke kula da ita. Na Salaga da Yendi, ban da wanda ke Akra, sai reshen PRAAD na Tamale.

Maganar ba da takardun kuwa, a nan nake so ki yi a hankali.

Da farko akwatin ba naki ke kaɗai ba ne, gado ne. Ki tara baffanni da gwaggonni a yi magana kafin warƙa ɗaya ta fita daga gidan, don na san gidan da zumunci ya lalace a kan kundin kaka da wani ya ɗauka da kyakkyawar niyya. Sannan ba duk abin da ke ciki ne na ba wa ma'ajiya ba. Takardar fili ko ta gida kada ta je ko'ina, ku tabbatar dai an yi mata rajista a Hukumar Filaye, a Akra fili ba abin wasa ba ne. Sai kundin Malam na asiri, mai hatimai da laƙunna da sunayen waɗanda ya yi wa aiki. Sai littafin bashi na goro, wanda jikokin masu bashin suna nan kuna gaisawa a masallaci. Wani lokaci har da takardar da ta faɗi asalin wani gida, abin da masu gidan ba sa so a tona. Waɗannan ku ne za ku yanke hukunci a kansu, ba mai bincike ba.

Abin da ya rage, wato littattafan karatu, waƙoƙi, wasiƙu, ijazoji, shi ne ake maganar inda za a kai. PRAAD tana karɓar takardun mutane, tana da sashe na musamman mai lambar SC, kuma sunayen da za ki fi gani a jerinsa na manyan iyalan bakin teku ne irin su Bannerman da Sarbah. Gidan hukuma ne mai doka a bayansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma takarda ba ta da amfani a ma'ajiya sai an karanta ta an rubuta mece ce a kundi, in ba haka ba ta shiga kabari ne kawai mai lamba. Warƙar ajami tana bukatar wurin da aka saba da irinta, inda masu nemanta suke zuwa. Shi ya sa a nan ma na fi karkata ga Legon. Takardun boko masu hatimi, irin lasisin ciniki ko takardar izinin zama, su ne suka fi dacewa da Adabraka, kusa da 'yan uwansu.

Ko a Legon ɗin ma ba na ce ki miƙa na asali ba. Ki nemi a yi muku yadda Alhaji Boyo ya yi wa malaman da: a ɗauki hoto, a ba ku kwafi, a dawo muku da abinku. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, akwai shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ke ba da kuɗi a ɗauki hoton takardu a bar na asali a ƙasarsu, kuma ta hannun jami'a irin wannan aka fi samunsa. Sharaɗinsa dai hotunan za su hau intanet kowa ya gani, to ku san da haka tun kafin ku amince. Na asali sai ya bar gida in gidan ne ke cinye shi: ɗaki mai yoyo, gara a bango, ko unguwar da ruwa ke shiga. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ya san akwatin ƙarfe ba ya hana ruwa. In ta kai ga haka, a rubuta yarjejeniya, a fayyace kyauta ce ko ajiya, wa zai iya gani, wane ɓangare za a rufe zuwa shekara nawa, kuma ku karɓi jerin abin da kuka bayar warƙa-warƙa, da sa hannu.

Kafin nan, ga abin da za ki yi a gida. Kada ki bari kowa ya "gyara" su. Ban da salatif, ban da manne su a cikin roba mai zafi irin wadda ake yi wa satifiket, ban da ƙusar ofis, duk suna kashe takarda. Kada kuma a jera su bisa girma ko kyau. Littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake a cikin gafaka, kuma yawanci ba lambar shafi. Ki duba can ƙasan shafi ta hagu, za ki ga kalma ɗaya tilo a rataye, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita ake gane jeri. In yara suka barbaza su, haɗawa sai malami ya zauna kwana da kwanaki. Kowane ƙunshi ki bar shi yadda kika same shi, ki naɗe da farin ƙyalle mai tsabta, ki ɗaga akwatin daga ƙasa, nesa da bango.

Sai ki ɗauki waya, da hasken rana ba da fitila ba, ki yi hoton shafin farko da na ƙarshe na kowane ƙunshi. Na ƙarshen ya fi muhimmanci, don a nan mai kwafi ke cewa ya kammala, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da garin da yake da wanda ya rubuta wa. Wajen karantawa ki nemi dattijon da ya yi karatun allo da rubutun warshu, don yaranmu da suka tashi da bugun Madina sukan rikice, su karanta fa'un mai ɗigo a ƙasa a matsayin wani harafin. Hotunan nan su za ki riƙe ki tafi Legon da su ranar farko, akwatin ya zauna a gida tukuna.