Understat da Auna Gwanintar Masu Bugun Kusurwa da Bugun Tazara

Duk wanda ke son sanin ko yawan ƙwallayen da ɗan wasa ya taimaka aka ci ya samo asali ne daga basirarsa a tsakiyar fili ko kuwa daga kasancewarsa mai bugun kusurwa a ƙungiyarsa, zai amfana da shafin Understat, wanda ake shiga kyauta ba tare da rajista ba. Shafin yana ɗauke da alƙaluman manyan gasanni shida, wato na Ingila da Sifaniya da Jamus da Italiya da Faransa da Rasha, tun daga kakar 2014/15.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rarraba ayyukan ɗan wasa bisa yanayin da suka faru. Idan aka buɗe shafin ɗan wasa, za a ga abin da ya samar yayin da ƙwallo ke gudana a gefe guda, sannan abin da ya samar daga bugun kusurwa da bugun tazara da fenareti kowanne a layinsa. A kowane layi akwai ma'aunin xA, wanda ke ƙiyasta yiwuwar cewa harin da ya biyo bayan ƙwallon da ɗan wasan ya miƙa zai shiga raga. Wannan rabe-raben yana da muhimmanci ƙwarai, domin mai bugun kusurwa yana samun damar jefa ƙwallo gaban raga sau da dama a kowane wasa ba tare da kowa ya tare shi ba, alhali takwaransa sai ya ratsa 'yan baya kafin ya samu irin wannan damar ko sau ɗaya. A wasansa na farko a West Ham cikin watan Agustan 2023, James Ward-Prowse ya taimaka an ci Chelsea ƙwallaye biyu: ɗaya daga kusurwa wadda Nayef Aguerd ya sa wa kai, ɗaya kuma wadda ya tura wa Michail Antonio ana cikin wasa. Jimilla za ta ce biyu ne kawai, amma ƙungiyar da ta riga ta mallaki mai bugun kusurwa, ta biyun ce za ta fi jan hankalinta idan tana neman sayen ɗan wasan.

Sai dai akwai giɓi babba, kuma a ganina shi ne ke hana a dogara da shafin shi kaɗai. Ma'aunin ba ya lissafa komai sai ƙwallon da ta ƙare da hari a raga. Idan ɗan wasa ya yanko kusurwa mai kyau ta faɗa daidai inda ake so amma abokinsa ya makara wajen tsalle, babu abin da za a rubuta masa. Idan kuma wani ya goge ta da kai kafin na uku ya buga, ladan ya tafi ga wanda ya goge ta. Haka nan shafin ba ya nuna adadin kusurwar da mutum ya buga, don haka ba a iya bambanta wanda ya samar da dama biyar daga bugu talatin da wanda sai da ya buga ɗari. Bai kuma faɗi ko ƙwallon ta lanƙwaso zuwa raga ko ta yi waje ba. Alƙaluman Bukayo Saka da Declan Rice a Arsenal, alal misali, suna ɗauke da tsare-tsaren Nicolas Jover, kocin da ke tsara wa ƙungiyar bugun kusurwa da na tazara, da ƙarfin kan ɗan bayanta Gabriel, kuma babu layin da ya raba rabon kowa.

Babu gasar Zakarun Turai a ciki, saboda haka shahararriyar kusurwar nan da Trent Alexander-Arnold ya yi wuf ya buga wa Divock Origi a kan Barcelona a 2019 ba ta cikin lissafinsa. Babu wasannin ƙasashe, kuma da Turanci aka tsara shafin.

Shawarata ga mai nazari ita ce ya fara da Understat domin ware abin da aka samu daga ƙwallon da aka ajiye aka buga, sannan ya nemi adadin bugun daga wata majiya, ya kuma kalli bidiyon kusurwoyin da idonsa kafin ya yanke hukunci kan ɗan wasa.