Robar mota da ta koɗe: mai, zafi ko rini?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Agege ya yi tambaya a kan motarsa Honda CR-V ƙirar 2005, wadda baƙar robar bambarta da ta saman tayoyi ta koma toka-toka. Ya ce yaron da ke wanke masa mota yana shafa mata mai ta yi baƙi wuluk, amma kafin mako ya zagayo ta koma gidan jiya, shi kuwa wani mai fenti ya ce a kawo ya hura mata zafi a wuce wurin. Yana son sanin wanda ya fi.

Malam, wannan robar ba fenti aka yi mata ba. Yawancinta irin da ake kira folifirofilin ce, kuma tun a masana'anta ake cuɗa baƙin a cikinta. Hasken rana ne ke cinye fatarta ta sama har ta yi gari-gari kamar alli, shi ya sa idan ka karce ta da farce za ka ga baƙi a ƙarƙashi. Garin sabulun wankin tufafi da ake zubawa a bokiti a wuraren wankin mota yana ƙara busar da ita.

Man shafawa, irin su Armor All ko Back-to-Black da ake samu a kasuwannin Ladipo da Trade Fair na Legas, jiƙa wannan busasshiyar fatar kawai yake yi, kamar yadda basilin ke ɓoye kaushi a lokacin hunturu. Yana da araha, ba ya bukatar gwaninta, kuma ba ya lalata komai. Matsalarsa ita ce ruwan Legas. Daga Afrilu zuwa Yuli, ruwan sama biyu ko uku sun isa su wanke shi, wani lokacin ma ya zubo ya bar baƙin zane a jikin farar ƙofa, idan kuma rani ne ƙura ta manne masa. Baƙin man inji da man birki da wasu yara ke amfani da su ba na saka su cikin lissafi, musamman man birki, domin yana cin fentin mota idan ya ɗiga a kai.

Zafin ne na fi so ka yi tunani a kansa, saboda shi ne ya fi ruɗar ido. Na tsaya na ga ana yi wa wata Pontiac Vibe: duk inda bakin na'urar ya bi sai baƙi ya biyo baya nan take, kamar ana share allo da jiƙaƙƙen tsumma, mai motar yana ta murna. Abin da ke faruwa shi ne fatar robar tana ɗan narkewa ta sake haɗewa. Ita wannan roba tana narkewa ne a wajen digiri 160 zuwa 170 na ma'aunin Salsiyas, alhali na'urar hura zafi tana iya wuce digiri 500, don haka hannun mai aikin ya ɗan daɗe a wuri ɗaya, ɓarzajen jikin robar sun baje, wurin ya yi santsi da sheƙi dabam da sauran, kuma ba a iya mayar da shi. Ko da aikin ya yi kyau, ba a ƙara wa robar wata kariya daga rana ba. Bayan 'yan watanni za ta sake koɗewa, sau da yawa dabbare-dabbare, kuma kowane zagaye yana ƙara mata gautsi har kunnuwan da ke riƙe da bamba su fara karyewa. A kan motar da ta haura shekara ashirin, ni ba zan yarda ba.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, kuma ita nake ba ka shawara. Ana sayar da rinin roba, irin su Solution Finish, wanda ke ɗauke da baƙin launi yana shiga cikin ƙofofin fatar, akwai kuma ruwan siramik irin su Gtechniq C4 da Cerakote, wanda ke bushewa ya zama siririyar kariya mai hana ruwa da rana. Sun fi mai tsada nesa ba kusa ba, amma da watanni ake ƙirga daɗewarsu, wani ma ya kai shekara ko fiye. Robar da ta yi fari sosai kamar taka rini take so, wadda ta fara dusashewa kuwa siramik ya wadatar da ita.

Inda ake yin asarar kuɗi shi ne wajen wanki. Man da aka daɗe ana shafa wa motarka yana nan maƙale a cikin robar, kuma rini ba ya kama jiki mai maiƙo. A goge ta da buroshi da sabulun wanke-wanke sau biyu ko uku, a bari ta bushe ƙarau, a bi ta da sifirit a farin tsumma har tsumman ya daina ɗaukar datti. A liƙa tef a gefen fenti da gilashi, a sa safar hannu, a fara gwadawa a ƙasan bambar baya inda ido ba ya kaiwa, sannan a shafa kaɗan-kaɗan a inuwa a goge rarar kafin ta bushe. Kada ruwa ya taɓa ta har washegari, saboda haka ka nemi rumfa, ko ka jira ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta. Ka kuma gaya wa yaron wankin cewa daga ranar kada ya sake sa mata mai ko garin sabulu.