Asid ɗin fosforik ko na sitrik: wanne za ka saya don tace ɗanyen mai?

Toh duk mai shirin fara tace ɗanyen mai, na waken suya ne ko manja ko na gyaɗa, kafin ka biya kuɗin asid ka fara kai samfurin man naka lab a auna fosfaras ɗin da ke ciki, don shi ke nuna yawan danƙo, wato dattin nan mai yauƙi da ake sa asid a cire daga ɗanyen mai. Man waken suya danƙonsa da yawa, fosfaras ɗinsa ɗaruruwan ppm (wato kashi cikin miliyan), manja kuwa da wuya ya haura 20 ko 30. Ka ga ai ba sayayya ɗaya za su yi ba.

Ruwan zafi kaɗai, kamar kashi 2 cikin ɗari na nauyin man, yana kwashe wani ɓangare na danƙon, amma akwai mai taurin kai wanda ya haɗe da kalsiyam da magniziyam, shi ruwa bai isa ya taɓa shi ba sai asid.

Fosforik shi mafi yawan matatu ke saya, ya fi araha kuma yana da ƙarfi, ana sayar da shi da ƙarfin kashi 85 cikin ɗari, abin da za ka zuba bai wuce kashi 0.05 zuwa 0.2 cikin ɗari na nauyin man ba. Matsalarsa idan hannu ya zarce sai ya ƙara maka fosfaras ɗin da kake korar, ya sha maka kostik soda wajen kashe tsamin man, ruwan dattin masana'anta kuma ya cika da fosfet, wato gishirin fosfaras, wannan ma kuɗi ne kafin ka zubar. Sitrik ya fi tsada gaskiya, amma yana kama ƙarfe da tagulla da ke sa mai saurin lalacewa, kuma ba ya barin fosfaras. Ni dai in man mai ƙarancin danƙo ne sitrik zan ɗauka, in na waken suya ne mai yawan danƙo fosforik.

Asid ɗin salfurik kuwa don Allah kar araha ta ja ka, baƙanta mai yake, aikinsa fasa ragowar sabulun da ke fitowa bayan an kashe tsamin mai da kostik soda ne.

Ko wanne ka zaɓa ka nemi takardar shaida cewa na abinci ne ba na masana'antu ba, tanki da bututu su zama na ƙarfe marar tsatsa, samfurin da ake kira 316. Sannan mikisa, injin gauraya! Asid ba ya narkewa a mai, in ba a buga shi sosai ya watsu ba asara kawai za ka yi. In kuma kana son sayar da lesitin, wato sinadarin da ake samu daga danƙon, fara cire shi da ruwa kafin asid ya shiga.