Kafin ka sayi kayan kiɗa na sautukan tsakani

Fiyanon da muka saba da shi ya raba oktaf, wato tazarar sauti da takwaransa na sama, gida 12 daidai wa daida, kowane gida sent 100 (sent shi ne ma'aunin tazarar sauti). Mai goge ba ruwansa da wannan doka, yatsansa na tsayawa ko'ina a kan tsirkiya. Wanda ke son irin wannan 'yanci a situdiyo, kafin ya taɓa aljihu sai ya tambayi kansa: sautukan nan 12 zan karkata, ko ƙari nake nema?

In karkatawa ce kawai, fiyanon da ake ƙera wa makaɗan Larabawa da Turkiyya ya wadatar, kamar Yamaha PSR-A350 ko babban wansa PSR-A5000. Kana cikin kiɗa za ka danna maɓalli ka sauke sauti da sent 50. Korg Monologue, wani ƙaramin fiyanon haɗa sauti, shi ma yana karɓar saitin da ka tsara, sai dai sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda.

Inda gizo ke saƙa shi ne in ka wuce 12. Akwai masu raba oktaf gida 19 ko 31, mai tsara kiɗa Harry Partch na Amurka kuma ya yi aiki da sauti 43. Ɗora tsarin 31 a kan fiyano na yau da kullum ka gani: tazarar da a da take taku 7 ta koma 18, hannu ɗaya ba zai kai ba. Wannan matsalar Lumatone ya zo ya warware, da maɓallai 280 masu kusurwa shida, masu haske kala-kala, inda siffar da yatsunka suka koya take aiki ko'ina a kan allon. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma shi kansa ba ya fitar da sauti sai an haɗa shi da wata na'ura, kuɗinsa kuma dubban daloli ne, ban da na dako da kwastan.

Ni dai shawarata a fara da kwamfuta. Manhajar haɗa sauti Surge XT kyauta ce, tana karanta fayil ɗin .scl, wato fayil mai ɗauke da tsarin sauti, kai tsaye. Scala, manhajar da Manuel Op de Coul ya rubuta, ita ma kyauta, da rumbun tsare-tsaren sauti fiye da 5,000. Ka zauna da su har kunnenka ya san tsarin da yake so, domin shi zai nuna maka allon da ya dace.

Duk manhajar da za ka biya kuɗinta, duba ko tana karɓar .scl ko MTS-ESP na kamfanin ODDSound, wanda ke saita kayan kiɗanka duka daga wuri ɗaya. Wadda ba ta karɓar ko ɗaya, wataƙila sai an riƙa lanƙwasa mata sauti ɗaya bayan ɗaya, kuma da ka danna fiye da ɗaya tare saitin na iya wargajewa.