Kafin ka sayi ƙaramin jirgi, tambayi kanka ina za ka sauka ran da injin ya mutu

Duk wanda ya fara zancen sayen ƙaramin jirgin nan mai kujera biyu, wanda Turawan Ingila ke ce wa maikurolait, Faransawa su ce ULM, tambayarsa ta farko gudun nawa yake yi. Ni kuwa gudu ne na ƙarshe a lissafina. Injin ɗaya tal gare shi, in ya ɗauke a sama babu gefen titi da za ka faka ka kira bakanike, sai dai ka nemi gona.

Toh mu fara da injin, nan kuɗin yake. A kasuwar na hannu, injuna biyu za ka fi cin karo da su, dukkansu na kamfanin Rotax ne na Ostiriya. Akwai 582, ƙarfin doki 65, irin injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur kamar ƙaramin janaretan nan na masu shago, ga shi da araha ga rashin nauyi, amma awa 300 kawai kamfanin ya ba shi kafin a sauke a yi masa garambawul, kuma in ka ba shi wuta bai gama ɗumi ba yana iya kamewa ba sallama, tun kana ƙoƙarin tashi, lokacin da ba ka da tsayin da za ka yi dabara. An ma daina ƙera shi. Sai 912 da ya fito a 1989, silinda huɗu, doki 80 ko 100, shi kan kai awa 2000. Tsada kam akwai, amma raba kuɗin da awannin ka gani. Ni dai 912 zan ɗauka ko da jikin jirgin ya ɗan tsufa. Shi ne ma a kan jiragen Tétras da sojan saman Nijar suka yi aiki da su.

Akwai kuma Jabiru na Ostireliya. A ƙarshen 2014 hukumar jiragen ƙasar ta taƙaita yadda za a yi amfani da jirage masu wannan injin saboda yawan mutuwarsa a sama, daga baya a 2016 ta sassauta wa waɗanda ake kula da su bisa ƙa'ida. Ba cewa nake kar ka saya ba, amma ka ga takardun gyaran da idonka.

Abun da mutane ba sa so su ji shi ne sau da yawa injin ba shi da laifi, mai ne. Ko ya ƙare, ko ruwa ya shiga tanki, ko ƙanƙara ta toshe kafireta, wanda ke faruwa ko ba a lokacin sanyi ba in akwai laima a iska. In ka je duba jirgi ce mai shi ya tsiyayo maka mai daga ƙasan tanki cikin ƙaramar kwalba, ɗaga ta saitin rana, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a gindin kwalbar kamar ƙwallon gilashi. Matsa tiyon mai da yatsa, in ya yi tauri ko ya tsattsage an yi sakaci, don Rotax cewa suka yi duk shekara 5 a canja kayan roba. Littafin da ake rubuta gyaran injin kuma in ka ga shekara biyu babu rubutu ko ɗaya, yi masa godiya ka kama hanya.

Siffar jirgin fa? Mai fiffike kamar alwatika da keke rataye a ƙasa yana sauka a hankali, ɗan fili ya ishe shi, sai dai ba ya nisa in injin ya mutu kuma ba ya son iska mai ƙarfi. Mai siffar jirgin gaske irin su Ikarus C42 ya fi shi shawagi, irin wanda ke tafiyar mita 10 gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, kaga daga tsayin mita 300 kana da kamar kilomita 3 ka zaɓi wuri. Masu santsin jiki da gudun tsiya kuwa da gudun suke taɓa ƙasa, a kan kunya-kunyar gona wannan ba abun so ba ne, tayar gaba ta lume jirgi ya kife.

Saura lemar ceto, wadda roka ke harbawa ta sauko da jirgin gaba ɗaya. A Jamus dole ce a irin waɗannan jiragen, a Ingila zaɓi ne. Tana ƙara nauyi, tana da wa'adin da za a kai a sake naɗe ta a canja rokar, kuma in kana ƙasa-ƙasa ba lallai ta samu damar buɗewa ba. Duk da haka in za ka riƙa bi ta saman daji ko ruwa ko ka ɗauki iyalinka, saka ta. In jirgin ya zo da ita duba kwanan watan da ke jikinta, in ya wuce ka cire kuɗin daga ciniki.