Hattara da mai tallar "maganin muryar Zoom" a Sakkwato

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na malamai ne 'yan'uwana masu karantarwa ta kwamfuta, da duk mai shiga taro da hedifon mara waya. Akwai wani mutum da ke zuba talla a zaurukan WhatsApp na garin nan. Ya ci min naira 23,000, kuma saura ƙiris ya leƙa asusuna na banki.

Ina karantar da yara Alƙur'ani daga gida a Mabera, wasu suna Abuja, biyu suna Ingila. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, in ina sauraren ƙira'a a YouTube da hedifon ɗina na Bluetooth, sauti garau. Da na shiga Zoom na buɗe makirufo sai komai ya dushe, kamar yaron yana karatu daga cikin randa. Mai koyar da tajwidi kuwa, in ya kasa raba sinun da sadun a bakin ɗalibi, me ya rage masa?

Sai ga tallar: wani ɗan abu kamar filash, an buga masa "Bluetooth 5.3", wai a soka a laftof murya ta fito tas. Naira 18,000. Shago babu, sai dai a tura kuɗi ɗan kabu-kabu ya kawo. A Gawon Nama na karɓa, cikin 'yar leda, ko kwali babu balle rasit.

Ranar farko har addu'a na yi wa mutumin, domin na ji yaran raɗau. A rana ta uku mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta ce, "Malam, muryarka tana nisa, fankarku da awakinku muka fi ji." Na kira shi. Ya ce, "Malam, wanga kaya na waje ne, makirufonai sai an buɗe shi da lamba." Lambar naira 5,000. Na biya, ya turo wasu haruffa da babu ko inda za a rubuta su. Da na ɗaga murya sai ya kwantar da tasa: in sauke wata manhaja mai suna AnyDesk, in karanto masa lambar da ta fito ya gyara daga can, in abin ya ƙi kuma in buɗe shafin bankina ya mayar min da kuɗina nan take.

Ina cikin saukewa ɗan yayata, mai karatun kwamfuta a Jami'ar Danfodiyo, ya shigo gaisuwa. Ya leƙa allon ya ce, "Kawu, wa za ka ba lambar nan?" Ya rufe laftof ɗin. Manhajar ba ta ɓarayi ba ce, masu gyara na amfani da ita, amma wanda ka ba lambar ka kuma amince masa, yana ganin allonka yana juya kwamfutarka kamar yana zaune a kujerarka.

Bayanin da yaron nan ya yi min shi ne ya fi ƙona min rai, don ashe hedifon ɗina lafiyarsa ƙalau. Bluetooth yana da hanya biyu ta ɗaukar sauti. Ɗaya ana ce mata A2DP, ita ce ta sauraro, sauti mai kyau a kunne biyu, amma ba ta ɗaukar murya ta koma kwamfuta. Ɗayar HFP, ta kiran waya, tana kaiwa tana kawowa amma a matse: a ma'aunin kilohaz, wanda yawansa ke nuna tsabtar sauti, tsohon tsarinta 8 ne, wanda aka inganta 16, alhali ta sauraro tana aiki da 44 ko 48. Duk sa'ad da ka buɗe makirufon hedifon, kwamfuta tana sauka daga ta farko zuwa ta biyu. Randar da nake ji ke nan. Shi ya sa a Windows 10 hedifon ɗaya yake fitowa da suna biyu, Stereo da Hands-Free. Babu wata lamba da ake saya ta canza wannan.

Abin da aka sayar min kuwa hanyar sauraro kaɗai ya sani. Yaron ya nuna min a saitin sauti: ya fito a jerin lasifika, a jerin makirufo babu shi sam. Sauti ya gyaru ne kawai saboda Zoom ya koma ɗaukar muryata da makirufon jikin laftof. Wato na biya kuɗi a kan abin da zan iya yi kyauta: a Zoom in zaɓi Stereo a wajen lasifika, in zaɓi makirufon laftof a wajen magana, in matso kusa, in kori awaki.

Wani maƙwabcina ma ya saya a wajensa, nasa iri daban. Nasa abin yana haɗawa da makirufo, sai dai rubutun jikinsa ƙarya ne. Ana ganewa a Device Manager, wato jerin na'urorin kwamfuta a Windows, a danna na'urar Bluetooth ɗin a duba shafin Advanced, akwai lambar LMP mai nuna ainihin zubin Bluetooth ɗin. In 6 ce, to Bluetooth 4.0 ne na shekarar 2010. 9 ita ce 5.0, 12 ita ce 5.3. Nasa 6 ya nuna, an manna masa 5.3. Ko na gaskiyar ne ma, girman lambar shi kaɗai ba ya hana sauka hanyar kiran waya.

Yanzu iyafis mai waya nake karatu da shi, na naira 2,500, kuma babu uwar da ta sake ƙorafi. Na kai wa bankina ƙara da shaidar turawa biyun, na adana hirarmu duka zan kai ofishin EFCC na nan Sakkwato. Shi kuwa ya toshe ni tun ranar, amma jiya na ga tallar a wani zaure da sabuwar lambar waya: hoton dai shi ne, ɗan baƙin filash a tafin hannu, a ƙasa an rubuta "saura guda biyar".